Ciwon da ba ya fitowa a gwajin jini: fashin baƙi kan ciwon damuwa

A layinmu a Agege da ke Legas akwai wani saurayi, ɗan ci-rani daga Jigawa, wanda aka yi wa maganin maleriya da taifot har sau huɗu cikin wata biyar. Ya sha ƙwayoyi, ya sha allurai, har ƙarin ruwa an yi masa a ɗakin bayan wani kemis. Kukansa bai sauya ba: kai na sara, gadon baya na zafi kamar an barbaɗa barkono, gaba na faɗuwa ba dalili, abinci kuma ya zama kamar ƙasa a baki. Alhali a da shi ne mai tashin 'yan ɗakinsu da asuba, kuma ba a buɗe gidan kallon ƙwallo ba shi a bencin gaba.

Abin ya soma ne bayan Yunin 2022, lokacin da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida, ciki har da Ikeja da ke maƙwabtaka da mu. Ya ɗauki fasinja ya tsallaka inda aka hana, aka kama babur ɗin, ga shi bai gama biyan mai shi ba. Kowa ya ce jimami ne, zai wuce. Sauran da aka kama nasu sun yi jimaminsu sun miƙe, wani ya koma dako, wani ya samu gadi a Ogba. Shi kuwa ya kwanta.

Wani dare na tarar da shi a teburin mai shayi, kofi a gabansa ya huce bai taɓa ba. Na ce, “Ƙanena, wai me ke damunka ne?” Ya daɗe shiru, sannan ya ce, “Wallahi Yaya ban sani ba. Ƙarfe uku na dare nake farkawa, barci ba ya dawowa. In gari ya waye ji nake kamar an ɗora min buhun siminti a ƙirji. Ko Inna ce ta kira, sai in zuba wa wayar ido har ta katse.” Wannan magana ta ƙarshe ita ta tsaya min a rai. Yaron da ya baro gida saboda mahaifiyarsa, yau ko muryarta ba ya iya ɗauka. Maleriya ba ta yin haka.

Likitoci na kiran wannan hali difireshan da Turanci. Kafafen yaɗa labarai na Hausa sun fi ce masa ciwon damuwa, ni ma da sunan zan tafi, ko da yake shi kansa sunan yana cikin matsalar. Damuwa kalma ce ta kullum. Wanda mai gida ya ba notis yana cikin damuwa, wanda ruwan sama ya tsare a Oshodi ba mota ma haka. Shi ya sa in ka ce wa Bahaushe wane na da ciwon damuwa, abin da zai fara fitowa daga bakinsa shi ne, to wa ya rasa damuwa a ƙasar nan? Can gefe kuma muna da kalmar hauka, wadda muka ajiye wa mai yawo a bola. Tsakanin damuwar kullum da haukan bola akwai fili mai faɗi da ba mu yi wa suna ba, kuma mutane birjik ne a cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 5 cikin 100 na manya a duniya na fama da ciwon, kuma a ƙasashe irin tamu sama da kashi 75 cikin 100 na masu shi ba sa samun magani ko kaɗan.

Baƙin ciki na al'ada yana zuwa ne yana lafawa. Wanda aka yi wa rasuwa zai yi kuka da safe, da yamma 'yan ta'aziyya su tuno wani halin mamacin ya murmusa. Ciwon damuwa shi ba ya ɗagawa, ko albishir aka kawo yana nan daram. Ba Turawa suka fara lura da wannan bambanci ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin da ya rasu a 934 miladiyya, a littafinsa Masalihul Abdani wal Anfus ya raba baƙin ciki gida biyu: wanda aka san sanadinsa, kamar rasa masoyi ko dukiya, da wanda ke faɗo wa mutum ba sanannen dalili ya raba shi da walwala. Na biyun ya danganta shi da jiki, ya ce yana buƙatar maganin jiki, ba nasiha kaɗai ba.

Ma'aunin likitocin yau ya ginu ne kan alamomi tara. Sai mutum ya haɗa aƙalla biyar, kusan kullum, na mako biyu ko fiye, har abin ya taɓa aikinsa ko zamansa da mutane. Biyu daga ciki su ne ginshiƙai, dole a samu ko da ɗaya: ƙuncin zuciya da ba ya yayewa, da mutuwar sha'awa. Ta biyun ce aka fi kasa ganewa, a ganina kuma ita ta fi fallasa ciwon. Ba lallai mai shi ya riƙa kuka ba. Ɗanɗanon rayuwa ne ke ɗaukewa. Matar da ba a biki ba ita sai ta shiga ƙirƙiro uzuri. Magidancin da ke dawowa da tsaraba yana wasa da yara sai ya shigo ya juya fuska bango.

Sauran suna biyo baya. Barci ya ƙi zuwa, ko ya yanke tsakar dare, ko mutum ya wuni yana yinsa bai ji ya huta ba. Ci ya ragu har a ga rama, wasu kuma ya ƙaru. Kasala ta rufe jiki har wanka ya zama aiki. Magana da motsi su yi sanyi, ko mutum ya kasa zama wuri ɗaya. Hankali ya daina taruwa: ɗan kasuwa ya ƙirga kuɗi sau uku bai riƙe lissafi ba, mai sallah ya rasa raka'a ta nawa yake. Sai wadda ta fi ciwo, wato mutum ya riƙa ganin ba shi da wani amfani, ya tono kurakuran shekara goma yana yi wa kansa shari'a da su, ya yanke cewa shi kaya ne a wuyan iyalinsa, ko ma Allah ya yi fushi da shi. A wurinsa wannan gaskiya ce tsagwaronta. Bai san shi kansa tunanin alama ce ta cutar ba.

Ta tara ita ce tunanin mutuwa. Mu ba mu cika faɗarsa kai tsaye ba, saboda mun san hukuncin kashe kai a addini, don haka a lulluɓe yake fitowa: “Na gaji da duniyar nan.” “Da ma in kwanta kar in tashi.” “Ku yafe ni, kun kusa hutawa da ni.” Wanda ya ji irin wannan daga bakin mutumin da halinsa ya sauya, kada ya rufe shi da “subhanallahi, daina faɗar haka” ya tashi. Ya zauna ya tambaye shi a fili ko yana tunanin cutar da kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin a zuciyar da babu shi, wanda yake da shi kuwa sau da yawa sauƙi yake ji an buɗe masa ƙofar magana. In ya amsa, ba a barinsa shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi, a kai shi asibiti a ranar. Lambobin gaggawa na Legas su ne 112 da 767.

Abu biyu ke sa ciwon ya ɓuya a cikinmu. A wurin maza da samari sau da yawa da faɗa yake fitowa. An tashe mu a kan namiji ba ya kuka, sai ƙuncin ya nemi wata ƙofa: tsawa a gida, saurin hannu, saki a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sannan mu da jiki muke ba da labarin zuciya. Kunya ba za ta bar dattijo ya ce wa likita sa'an ɗansa “raina ne a jagule” ba. Zai ce kansa na zafi, ko wani abu na yi masa yawo a jiki kamar tsutsa. Ba ƙarya yake yi ba, ciwon da gaske yana taɓa jiki. Matsalar tana wurin da ake kai kukan. Gwajin taifot da aka fi yi a ƙananan wurare, wanda ake kira Widal, yakan nuna akwai cuta ko da babu, kuma a ƙasa irin tamu ana iya ganin ƙwayar maleriya a jinin wanda ba ita ke damunsa ba. Sai takarda ta fito da amsa, kuɗi su tafi, ciwo na nan. Ciwon damuwa da tambaya da sauraro ake gano shi. Jinin da likita zai ɗiba, don ya tabbatar ne ba ƙarancin jini ba ne, ko ciwon suga, ko raunin ƙullutun wuya da ake kira tayirod, domin waɗannan na iya kwaikwayonsa.

Ciwon kuma ba iri ɗaya ba ne, sanin irinsa kuwa shi ke nuna maganin da ya dace. Wanda na kwatanta shi ne babban, mai kwantar da mutum na watanni. Wani sau ɗaya yake yi masa a rayuwa, amma kimanin rabin waɗanda ya taɓa kamawa yakan dawo musu. In ya yi tsanani ƙwarai yakan zo da jin muryoyi ko yarda da abin da babu shi, kamar mutum ya dage cewa hanjinsa ya ruɓe. A nan ne ake saurin cewa iska ce ko jifa.

Akwai mai sanyi-sanyi, wanda ba ya kwantarwa amma ba ya tafiya, shekara biyu ko fiye. Mai shi yana fita kasuwa, yana jam'i, yana biyan kuɗin makaranta, sai dai ba zai iya tuna rabonsa da farin ciki ba. Irin wannan mukan mayar da shi hali: wane ai haka Allah ya yi shi, ba ya fara'a. Shekaru su shuɗe ba wanda ya yi tunanin akwai magani.

Na bayan haihuwa shi nake so in daɗe a kansa, saboda zaman Legas na ƙara masa ƙarfi. Yawancin masu jego sukan ji raunin zuciya a kwanakin farko, kuka ba dalili da saurin fushi, amma wannan yakan wuce da kansa cikin mako biyu. Wanda ya zarce haka ya zama ciwo, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mace 1 cikin 10 na masu ciki da masu jego na fama da shi. A gida Arewa mai haihuwar fari takan tafi goyon ciki wurin iyayenta, ko a turo tsohuwa ta zauna da ita har arba'in. Wankan jego da kunun kanwa suna da nasu haɗarin, likitoci a Zariya sun daɗe da danganta su da ciwon zuciya bayan haihuwa. Amma abin da ke kewaye da su alheri ne: ba a barin mai jego ita kaɗai, akwai mai karɓar jariri ta yi barci, akwai mai lura da fuskarta.

Wata 'yar'uwarmu da aka kawo aure Idi-Araba daga Katsina ba ta samu ko ɗaya ba. Ɗaki ɗaya a gidan haya, miji na fita kasuwa da asuba sai bayan isha'i, kuɗin motar da za a kawo mahaifiyarta ya gagara. Wata biyu bayan suna maiɗakina ta je duba ta, ta tarar da ita zaune a bakin katifa, jariri na kuka a gefe, kwanonin jiya ba a wanke ba. Da ƙyar ta buɗe baki ta ce, “Anti, ina kallon yaron nan ba na jin komai a raina. Wace irin uwa ce ni?” Makonni ta yi tana haɗiye wannan magana, don tsoron a ce ba ta gode wa Allah ba. Uwa ce kamar kowace uwa. Ciwo ne ya shiga tsakaninta da ɗanta, da aka yi magani kuma ya fita. Akwai wani nau'i dabam mai kama mace 1 ko 2 cikin 1,000, inda mai jego ke rikicewa kwanaki kaɗan da haihuwa, ta daina barci, ta shiga gane-gane da sambatu. Wannan na gaggawa ne kamar zubar jini, asibiti ake nufa nan take.

Wasu matan nasu al'ada yake bi: mako guda kafin jini ya zo ƙunci da fushi su yi tsanani, da ya zo su sake ta. Akwai kuma mai bin hunturun ƙasashen da rana ke ƙaranci. Masu 'ya'ya a Ingila ko Kanada su san da shi.

Wanda ya kamata a yi hattara da shi shi ne mai fuska biyu, wanda likitoci ke kira baifola. Mai shi yakan faɗa ƙunci kamar na kowa, a wani lokacin kuma ya haura sama: kwana da kwanaki ba barci ba gajiya, surutu ba tsayawa, rabon kuɗi, manyan tsare-tsaren kasuwanci marasa tushe, jin cewa shi na musamman ne. An ware shi a matsayin ciwo mai zaman kansa, domin maganinsa dabam ne. In aka ba mai shi maganin ciwon damuwa zalla, yana iya tunzura shi ya haura. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum karɓar ragowar ƙwayoyin wani, ko saye a kemis likita bai ji tarihinsa ba.

To me ke kawo shi? Mutane na son amsa ɗaya, shi kuwa igiya ce da aka tufka da zare da yawa. Akwai gado. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado na ɗaukar kimanin kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na haɗarin, kuma wanda uwarsa, ubansa ko ɗan'uwansa na jini ya yi ciwon ya fi wasu kusa da shi ninki biyu zuwa uku. Saurin kamuwa ake gada, ba ciwon kansa ba. Shi ya sa mutum biyu za su rasa babur rana ɗaya, ɗaya ya miƙe ɗaya ya kwanta, ba don na biyun rago ba ne.

An daɗe ana gaya wa mutane cewa ƙarancin wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna sirotonin ne sanadi. A 2022 wasu masana ƙarƙashin Joanna Moncrieff ta jami'ar UCL da ke Landan suka tattara binciken shekaru, suka ce babu tabbatacciyar hujja a kan wannan bayani. An yi ta muhawara a kan aikin nasu, amma ya fito fili cewa lamarin ya fi ƙarfin sinadari ɗaya. Hakan bai soke amfanin magungunan ba. Gwaje-gwaje sun nuna suna taimaka wa da yawa, musamman masu ciwo mai tsanani. Cikin abin da aka fahimta akwai cewa matsin da ya daɗe yana dagula sinadarin fargaba da ake kira kotisol, shi kuma ya taɓa barci, ci da tunani.

Akwai raunin ƙuruciya: maraici, duka mai tsanani, cin zarafi, rabuwa da uwa tun ba a yi wayo ba. Yakan kwanta shekaru, sai wata masifa ta girma ta taso da shi. Sannan abin da rayuwa ke jefowa: rasuwa, karayar jari, bashi, saki, rashin haihuwa da gorin da ke bin sa, doguwar jinya irin ta suga, shanyewar ɓarin jiki ko tarin fuka. Mata sun fi maza kamuwa, kuma ba sauyin jiki kaɗai ke jawo haka ba, har da nauyin da aka ɗora musu da bakin da aka hana su.

Ka ɗora wannan duka a kan zaman Ikko. Da yawa daga samarin da ke sauka daga manyan motoci a Mile 12 da Agege ba neman kuɗi kaɗai ya kawo su ba, gudowa suka yi daga Zamfara, Katsina, Sakkwato, Borno. Wasu a gaban idonsu aka kashe nasu, ba kuma wanda ya taɓa tambayarsu me suka gani. Su kwana su takwas a ɗaki, ko a barandar shago, barcin awa huɗu, ga zafi ga ƙarar janareta. Gari cike da mutane amma ba wanda ya san sunan mahaifinka. Waya kuma ba ta daina ƙara daga gida: kuɗin taki, kuɗin magani, wani lokacin kuɗin fansa. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, abin da ake iya turawa ya ragu, abin da ake nema ya ƙaru. Komawa hannu rabbana abin kunya ne, zama kuma ya gagara. A irin wannan ƙasa ciwon ya fi son tsirowa. Amma kada a ɗauka na talaka ne kaɗai. Yana kama ɗan canji mai gida da mota, yana kama 'yar jami'a, yana kama malamin da ke yi wa wasu nasiha.

Sai ƙwaya. Taramadol, kodin, wiwi: da yawa ba don nishaɗi suka fara ba, don su iya aiki ko su samu barci ne. Takan ɗaga mutum na awoyi, sannan ta sake shi ƙasa da inda ta same shi. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, amma ƙuncin da ke tura samari gare shi yana nan. In yaro ya faɗa shaye-shaye, yana da kyau a bincika wanne ya riga wani, ƙwayar ko ƙuncin.

Maganar da ta fi yi wa masu wannan ciwo illa ita ce a ce musu raunin imani ne. Na sha jin ta daga bakin mutanen kirki masu kyakkyawar niyya. Amma Alƙur'ani da kansa ya ba mu labarin Annabi Yaƙub, Alaihis Salam, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Yusuf. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, Shekarar Baƙin Ciki malaman tarihi ke kiranta. Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallam, ya koya mana neman tsari daga damuwa da baƙin ciki, ya kuma umarce mu da neman magani. Ba cewa nake annabawa sun yi wannan ciwo ba. Cewa nake ƙuncin zuciya bai taɓa zama shaidar rashin imani ba. Mutumin da ciwo ya riga ya gaya masa Allah ya yi fushi da shi, in ka ƙara masa da cewa imaninsa ne ya yi rauni, ciwon ka taya aiki. Addu'a da karatun Alƙur'ani suna ƙarfafa zuciya ƙwarai, kuma ba kishiyoyin asibiti ba ne, kamar yadda mai hawan jini ke addu'a yana shan maganinsa. Abin da ba shi da wuri shi ne duka da ɗauri. Gidajen marin da 'yan sanda suka bankaɗo a Kaduna da Daura a 2019, da mutane cikin sarƙa, sun isa gargaɗi.

Magani akwai shi, yawancin masu ciwon kuma suna samun sauƙi. Mai sauƙi-sauƙi sau da yawa zaman tattaunawa da ƙwararre ya ishe shi, inda ake koya wa mutum gane tunanin da ke danne shi da komawa harkokinsa kaɗan-kaɗan. Mai tsanani kan buƙaci ƙwaya tare da tattaunawar. Abu biyu ke sa mutanenmu su yar da maganin: yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ji canji, kuma in an ji sauƙi ba a dainawa, ana ci gaba aƙalla wata shida sannan likita ya janye shi a hankali. Ba ya bugarwa, ba irin taramadol ba ne.

A Legas ba mu da uzurin nisa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana nan tun 1907, kuma duk da tsoron da laƙabinsa na Yaba Left ke jefawa a zukata, yawancin masu zuwa ganin likita suke yi su koma gida a ranar. Asibitocin koyarwa na jami'a, LUTH na Idi-Araba, a bakin unguwar Hausawa, da LASUTH na Ikeja, duka suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda aka sanar da sa hannun Shugaba Muhammadu Buhari a kanta a Janairun 2023, ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, ta kuma tabbatar wa mai lalurar haƙƙinsa da mutuncinsa. Gaskiya ne likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya 'yan ɗaruruwa ne kawai ga mutum sama da miliyan 200, layi na da tsawo, magani na da tsada. Ga kuma katangar harshe: wanda ba ya jin Turanci, buroka ko Yarbanci, ta yaya zai kwatanta nauyin ƙirjinsa? Sai ya tafi da mai riƙe sirri ya yi masa tafinta. A nan nake ganin fadojin Sarakunan Hausawa, kwamitocin masallatai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na da aikin yi, kamar yadda suke tashi tsaye in an yi rasuwa ko an kama wani.

Saurayin layinmu, ni da kawunsa da suke ɗaki ɗaya muka raka shi. A mota bai ce uffan ba, sai da muka kusa ya riƙo hannuna ya ce, “Yaya, don Allah kar a gaya wa mutanen gida an kawo ni asibitin mahaukata.” Likitar ta daɗe tana tambaya ina fassarawa, ta sa aka ɗibi jini, ta rubuta magani, ta ba mu ranar dawowa. A mako na biyu ya ce shi ya daina sha, ba abin da yake ji sai bushewar baki. Kawun ya karɓi ƙwayoyin ya riƙa ba shi da hannunsa kullum bayan isha'i. Wajen mako na biyar mai shayi ya tare ni da murna, wai yaron ya cinye Indomie da ƙwai biyu, har ya yi ƙorafin sukari ya yi kaɗan. Daga baya ya samu dako a Mile 12, ya shiga rage bashin babur kaɗan-kaɗan, ko da yake akwai ranakun da nauyin ke dawo masa. Wata Juma'a na ji shi a bakin masallaci yana waya da Innarsa, sun fi minti ashirin. Da ya kashe wayar ya ce min ita dai taifot ta san ya yi, in bar maganar a haka, sai ya je gida da damina zai gaya mata da bakinsa.